Yadda Na Koya wa Turmi Karatu

Ni dai gaggawa ce cutata, duk unguwarmu ta Banikanni a Paraku an shaide ni da ita. Ina da sauran izu uku kafin in sauke Alƙur'ani, amma na riga na zaɓi atamfar anko, na ɗinka wa ƙawayena tasu, na sa maigidana ya ɗaure rago a bayan gida, na kuma aika wa dangi saƙo a waya cewa su shirya, bana akwai walima a Jugu. Mutum ɗaya ce ban tambaya ba, wato wadda za ta zana mini allon saukar.

Tela ce ni. Shagona yana kan hanyar da 'yan zem, wato masu acaɓa, suke yankewa zuwa kasuwa, keken ɗinki uku da injin surfani ɗaya. A lokacin shekarata talatin da takwas, 'ya'yana huɗu. Na fara allo ina ƙarama a Jugu, a gidan kakanninmu, amma ina shekara tara Baba ya kwashe mu zuwa Paraku, don ya sami aikin lodin goro a kamiyo, manyan motocin kaya, a wajen Gar, wato tashar jirgin ƙasa. Aka sa ni lakwal, wato makarantar boko, daga lakwal na shiga koyon ɗinki, daga ɗinki sai aure, allo ya tsaya inda ya tsaya. Ranar da na yi liberasiyo, bikin yaye ni daga koyon ɗinki, uwar ɗakina ta miƙa mini almakashi da diplom, aka yi kiɗa aka yi hoto, amma ko a ranar sai da abin ya tsaya mini a rai, don a danginmu takardar ɗinki ba ta cike gurbin allon sauka. Sai da na girma na koma, a makarantar matan aure ta Asabar da Lahadi. Sauran kwanaki kuma waya ce take biya mini ina taka keke. Shekara huɗu na yi a haka. Ba yabon kai ba, muryata ta yi daɗi, har masu kawo ɗinki sukan tsaya a bakin ƙofa su saurara.

A danginmu mace ba ta sauka a gaban kowa sai Goggo, yayar Babana. Ita ce malamar matan unguwarmu a Jugu tun kafin a haife ni, kuma ita take zana allon sauka da hannunta, da jar tawada da koriya da rawaya. Duk gidan 'yar uwata da na shiga, allon nan yana rataye a ɗaki, ni kuwa sai diplom. Ga shi idon Goggo ya fara rauni, ta kuma faɗa da bakinta cewa daga bana ta ajiye alƙalamin zayyana. Ke nan in na rasa wannan shekara, na rasa allon hannunta har abada.

Na hau mota na tafi da goro da turare. Na same ta a zaure tana jan carbi. Bayan gaisuwa na ce, "Goggo, na zo a sa rana."

"Ranar me?"

"Ranar saukata mana!"

Ta sa na ɗauko littafi, ta buɗe mini wuri uku, na karanta ina wani lumshe ido. Da na gama ta ce, "Madalla, baki ya iya. Ina ɗalibinki?"

Na ce, "Wane ɗalibi kuma?"

Ashe dokar nan da nake ji ina yarinya tana nan da ranta, ni na zaci ta bi tsofaffi kabari. Kakanninmu fatake ne, masu ɗauko goro daga Gwanja. A ayari babu zaman makaranta, don haka duk wanda aka biya wa sura a wannan zango, sai ya biya wa abokin tafiyarsa kafin a ƙara masa wata a zango na gaba. Da suka zauna a Jugu suka daina fatauci da jakuna, al'adar ba ta tafi ba. Ba a ba ka allon sauka sai ka kawo babban mutum wanda a da bai san baƙi ba, ya zauna a tsakar gida ya karanta da kansa. Yaro ba ya cikin lissafi. Goggo ta ce yaro sai ki daka masa tsawa ya haddace don tsoro.

Na ce, "Haba Goggo, zamani ya canza. Yanzu waya tana koya wa kowa."

Ta sa hannu ƙarƙashin tabarma ta zaro tata wayar, ta nuna mini. "Ni ma ina da ita. Kullum tana yi mini karatu, muryarta ma ta fi taki. Amma ba ta taɓa lura na tashi da ciwon kai ta rage mini ba." Ta mayar da ita. "Karatun da ya tsaya a maƙogwaro ado ne, kamar surfanin da kike yi a wuyan riga. Ni so nake in ga ya shiga halinki. Kuma na san halinki tun kina rarrafe. In wani ya zauna a gabanki wata biyar bai gudu ba, to na ga abin da nake nema."

Aka sa rana, nan da wata biyar, a watan da azumi zai biyo bayansa, ni da wasu mata biyu. Na dawo Paraku ina hura hanci, ina cewa ɗalibi ɗaya har wani abu ne?

Ashe abu ne. Maƙwabciyata mai koko ta ce sai bayan azumi. Wani ɗan zem ya zo kwana biyu, rana ta uku na waiwaya na tarar yana sharar barci a kan benci. Wata mai kawo mini ɗinki ta yarda, ta yi sati guda, ranar da na ce mata kanta ya fi dutse tauri ta ɗauke allonta, ta haɗa da atamfarta da ban gama ɗinkawa ba, ta kai wa telan da ke tsallaken titi. Wata guda ya tafi a banza. Maigidana kullum in ya je ba rago dusa sai ya leƙo ya ce, "Madam, ragon nan sai ƙiba yake, ke kuma sai ramewa kike. Ko ku yi musanyar abinci ne?" In ce masa ya fita idona.

To, bari in kawo Inna, mahaifiyata. Tun rasuwar Baba tana zaune a gidan ƙanena, layi biyu daga shagona. Ni ce 'yar farinta, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari yadda 'yan zamani ba za su iya ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallon fuskata, ba ta yi mini magana kai tsaye. Ni ce "waccan". In tana da saƙo sai ta ba wanda yake kusa, in babu kowa ta ba bango ko kaza. Na sha jin, "Kaza, gaya wa masu gaggawa miyarsu ta yi gishiri," ina tsaye a gabanta. Ni ma sai in ce, "Kaza, ki ce an gode." Ba ƙiyayya ba ce, na sani sarai. Duk haihuwata huɗu ita ce a ƙofar lopital, wato asibiti, cikin rana, tana tambayar masu shara ko waccan ta sauka lafiya.

Inna 'yar ƙauyen Pelebina ce, 'yar manoma, aure ne ya kawo ta gidan malamai. Tun ina ƙarama, kowace Juma'a da hantsi sai ta yi wanka, ta ɗauko littafin Baba, ta ɗora a matashi, ta buɗe, bakinta yana motsi. Dangi duk sun ɗauke ta mai karatu. Ni ma haka.

Wata Juma'a na je aron babbar tukunyarta. Na shigo ta bayanta ba ta ji ni ba, na tsaya ina jira ta kai aya. Sai idona ya faɗa kan yatsanta. Littafin a buɗe yake a tsakiya, cikin dogayen surori, yatsan kuma yana tafiya daga hagu zuwa dama, yadda ta ga jikokinta suna yi da littattafan lakwal. Na kasa kunne, na ji 'yar gajeriyar surar da take sallah da ita ce take ta maimaitawa.  Na ja da baya a hankali, na bar tukunyar, na koma shago na kifa kai a kan keke na yi kuka. Shekara arba'in uwata tana buɗe littafin nan da marmari, ba ta san harafi ɗaya a ciki ba, ni kuma ina layi biyu daga ita ina rera wa masu ɗinki murya.

Allah ya yafe mini, ba zan ɓoye ba, hawayen bai bushe ba wani tunani ya zo: abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Ga ɗaliba har gida.

Amma ta ina? In je in ce, "Inna, na gane ba ki iya ba, zo in koya miki"? Ai gara in cire mata zane a kasuwa. Kuma yaya za ki koya wa wadda ba ta yi miki magana? Kwana biyu ina juya abin, har na ɗinka hannun riga a baibai.

Ranar Litinin bayan la'asar na ɗauki allo da tawada na tafi gidan. Inna tana rumfa tana ɓarar agushi. Na jawo turmin sakwararta na kafa shi a gabana, na ɗaura masa ɗankwali, na zauna yadda bayana yake kallon Inna. Matar ƙanena ta fito ta ce, "Yaya, lafiya?" Na ɗaga murya na ce, "Goggo ta ce sai na koyar, duk Paraku kuma an guje ni. To, turmi zan koya wa, shi dai ba zai kwashe atamfarsa ya tafi ba." Yarinyar nan ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Inna kuwa ba ta ɗago ba, ta ce wa farantinta, "Hauka iri-iri ne."

Na rubuta babbaƙu manya-manya, na jingina allon inda mai zama a bayana zai gani, na fara: "Turmi, wannan alu ne. Ce alu." Turmi shiru. Na ce, "Madalla, Allah ya yi maka albarka." Haka na yi ta yi, harafi uku a rana. In zan tafi sai in yi kamar na manta allon a jikin bango.

Sati guda babu abin da ya faru, sai ƙarar ɓarar agushi. Har na fara tunanin haukar ta gaske ce. Rana ta takwas na ɗauki allon na ga ɗigo-ɗigon ja a ƙarƙashin kowane harafi, shaidar yatsan mai cin goro. Na yi kamar ban gani ba, na ci gaba da darasi. Rana ta goma ina cikin zuba, sai na ji daga bayana:

"Turmi, ka ce wa malamarka ta rage gudu, ba mota za ta hau ba."

Na ce, "Turmi, ka ce na ji."

Daga ranar aka buɗe makaranta. Matar ƙanena, Allah ya saka mata, ta gane abin da ake ciki ba wanda ya gaya mata, sai ta riƙa ƙirƙiro aike a daidai lokacin ta kwashe yara su fita. In na nuna harafi na ce, "Turmi, mene ne wannan?" sai Inna ta ce, "Ya ce ba ne." In ta kuskure in ce, "Turmi, sake dubawa." Ta ce, "Ya ce idonsa ne." Ta raɗa wa haruffa sunayenta na gona. Akwai mai kama da fartanya, akwai ƙwarya da goro uku a samanta, akwai wanda ta ce tsohuwa ce ta durƙusa tana hura wuta. Wallahi har yau in na ga harafin nan tsohuwar nake gani.

Mun gama babbaƙu lafiya, muka shiga farfaru, inda ake sa wa haruffa wasali. Nan aka fara jan ƙafa. Wata na uku ya kama, ina ƙirga kwanaki, ga ɗinkin bikin wasu ya taru mini a shago. Akwai haruffa biyu da Inna take musanyawa, yau ta gane, gobe ta koma. Wata rana na maimaita ya fi sau goma, ta sake kuskurewa. Ban san lokacin da na juya ba, na dube ta ido cikin ido na ce, "Haba Inna! Sau nawa zan faɗa miki?"

 Ta tattara agushinta a hankali, ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule.

Kashegari na tarar an daka sakwara a turmin, an wanke shi an kife, ɗankwalin a ninke a kan katanga. Kwana huɗu ina zuwa, labule a sake. Na kai ƙara wajen maigidana ina jiran ya lallashe ni, sai ya ajiye cokali ya ce, "Ke da allo a hannunki kika ɗaga wa uwarki murya? Me kuke karantawa a ciki ne?" Ba wasa a fuskarsa ranar. Maganar ta dake ni. Wuraren da aka yi zancen iyaye na sha rera su da murya mai daɗi, har da karkaɗa kai, ashe ban taɓa jin su ba.

Rana ta biyar na sayi farin goro, irin wanda take so. Na tayar da turmin, na mayar masa da ɗankwalinsa, na durƙusa a gabansa gwiwa biyu na ajiye goron. Na ce, "Turmi, na yi laifi. Ba ni da tarbiyya, karatuna bai amfane ni ba. Ka roƙa mini gafara." Na daɗe a durƙushe. Can sai murya ta fito daga bayan labule: "Ya ce ya ji. Ya ce shi ma kansa ne ya tsufa, a yi haƙuri da shi." Nan na sake wani kukan, a gaban turmi, kaji suna kallona.

Bayan wannan na canza tafiya. Na lura da yamma ta gaji, na mayar da darasi safiya kafin in buɗe shago. Na lura in na yi shiru na ba ta lokaci takan gano harafin da kanta, sai na koyi cije leɓe ina ƙirga kajin gidan har ta samo. Ita kuma ta fito da wani sabon salo. Duk layin da ta haɗa sai ta ce, "Turmi ya ce me wannan yake nufi?" Ranar farko na yi ta kame-kame. Ta ce, "Turmi, ashe shekara huɗu ana rerawa ba a san abin da ake cewa ba? Mu da ba mu iya ba ma da sauƙi." Kunya ta kama ni. Dole na koma wajen malamarmu ta Asabar da Lahadi da 'yar takarda ina tambayar ma'ana, in na dawo in bincika a waya in ƙara, don kada a sake kunyata ni. In na kawo mata ma'anar wani lokaci takan ce, "Ashe haka ne," ta ci gaba da aikinta. Ranar da muka zo inda aka ja kunnen masu tauye mudu, washegari na ga ta sa an ɗauko mata tiyar da take sayar da agushi tana duba gindinta. Ni kuma na tuna ragowar yadin mutane da nake tarawa a buhu a shago, na fara mayar wa kowa nasa.

A farkon wata na biyar, wata safiya, ta buɗe littafin Baba a shafin da ban taɓa biya mata ba. Ta ɗora yatsa a dama, ta ja shi zuwa hagu, harafi bayan harafi, har ta haɗa layi guda ita kaɗai. Sai ta ƙyalƙyale da dariya kamar yarinya, ta rufe baki da mayafi. Ban juya ba, amma ni ma dariyar nake, hawaye yana ɗiga a kan allo yana ɓata mini rubutu.

Saura kwana goma na ce, "Turmi, ka san dokar Goggo. Ranar Alhamis ta sama ake jarraba ɗalibai a Jugu."

Inna ta ce, "To, a ɗauke shi a kai shi. Ai shi ne ɗalibin."

 Can ta ƙara, murya ƙasa-ƙasa: "Shekara arba'in dangin mijina suna gaishe ni a mai karatu. Ba zan je da furfurata in zauna a tabarmar 'yan koyo su gane ƙarya nake ba."

Da ni ce ta da, da na yi ta magiya ina kawo hujja har ta gaji. Amma wata huɗu ina zaune da bayana gare ta, na san nauyin abin da ta ɗauka. Na ce, "Turmi, ka ce ba komai." Na koma gida na zauna kusa da rago. Ina son allon nan, wallahi ina son sa.

Duk da haka muka tafi, don an riga an gayyaci duniya, kuma sauran matan biyu za su yi tasu saukar. Mota guda muka cika, rago a sama yana kuka tun daga Paraku har Jugu, ƙawayena suna ta hira da shewa, ni ina murmushin dole. Inna tana kujerar baya da tukwanenta, don ita za ta shugabanci girki.

Ranar Alhamis da hantsi mata suka cika tsakar gida a inuwar mangwaro. Can gefe an kafa murahu, Inna tana kan babbar tukunyar miya. Goggo ta fito aka shimfiɗa mata buzu, aka jera alluna uku a bayanta, an lulluɓe su da farin ƙyalle. Matar farko ta kawo wata Bafulatana mai sayar da wagashi, wato cukun nono, ta karanta tana rawar murya, aka yi guɗa. Ta biyu ta kawo abokiyar kasuwancinta, ita ma ta wuce. Sai Goggo ta juyo inda nake.

"Ina naki?"

Na ce, "Goggo, ina da ɗalibi, kuma ya iya. Amma ba zan iya kawo shi ba."

"Wane ne?"

"Ba zan iya faɗa ba."

Tsakar gida ta ɗauki ƙus-ƙus. Wata 'yar baffana mai baki kamar reza ta ce, "Ɗalibin waya ne, sai an sa masa caji." Aka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Mutanen Paraku ke nan, anko kafin karatu." Wata kuma ta faɗa ƙarara, "Ƙarya ce kawai, ba ta da kowa." Jinina ya tafasa, amsoshi uku suka zo mini baki, kowace ta fi 'yar uwarta zafi. Na haɗiye su duka. Goggo ta ce, "Ban ce kin yi ƙarya ba. Amma doka ba tawa ba ce, gadonta na yi. Babu ɗalibi, babu allo." Ta sa hannu za ta janye na ukun gefe.

Sai muka ji an buga ludayi a bakin tukunya da ƙarfi. Inna ce ta taho tana goge hannu a zane, fuskar nan a murtuke, hayaƙi ya sa idonta ja. Ta ratsa mata, ta tuɓe takalmi, ta zauna daram a tabarmar 'yan koyo. Ta ce wa Goggo, "Yaya, miƙo littafin. Ni ban haifi maƙaryaciya ba."

 Goggo ta dube ta, ta daɗe, sannan ta buɗe littafin a cikin gajerun surori ta miƙa mata. Inna ta ɗora yatsanta mai jan goro ta fara. A hankali take tafiya, tana tsayawa ta duba, ta koma baya ta gyara da kanta. Ni kuwa ina tsaye ina cije leɓe. Ta gama sura ɗaya, Goggo ta juya shafi, ta shiga ta biyu. A tsakiyarta Goggo ta ɗaga hannu ta ce, "Ba a tsayawa a nan, sai an kai gaba."

Inna ta ce, "Haka malamata ta biya mini."

Goggo ta ce in karanta wurin. Na karanta, na tsaya daidai inda Inna ta tsaya. Sai Goggo ta tuntsire da dariya har carbinta ya faɗi. "To, shaida ta cika! Ku zo nan ku biyu in gyara muku, malama da ɗaliba." Muka maimaita a bayanta sau uku, ni da uwata, murya ɗaya. Guɗar da ta tashi a gidan nan sai da maza suka leƙo daga zaure suna tambaya ko an yi haihuwa ne. 'Yar baffan nan tawa mai baki ita ta fi kowa kuka.

Goggo ta yaye ƙyallen, ta ɗago allo na uku, ja da kore da rawaya suna ƙyalli a rana. Ni dai na durƙushe a gefen tabarma ina shessheƙa. Inna ta rufe littafin, ta miƙe, ta sa takalminta. Da ta zo daidai inda nake ta tsaya. Ga mata cike da gida, ga kaji, ga bango, duk wanda ta so za ta iya ba shi saƙo. Ta dube ni, ni ɗin, ta ce, "Malama, tashi ki karɓi allonki, hannun Yaya ya gaji."

Sannan ta yi sauri ta koma murhu, don miyar ta fara kamawa.